Dalilin da Ya Sa Goge Ke Wuyar Kamawa a Faifai

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai goge ran biki a Nasarawa Burkullu ko Gummi, sa'an nan ya koma gida ya ji irin kiɗan nan a rediyo ko a waya, ya san ba ɗaya ba ne. Kalangu ya kan fito kusan yadda ya ke, muryar mawaƙi ma haka, amma goge sai ya ƙanƙance, ya yi tsini kamar kukan sauro. Wannan ba laifin makaɗi ba ne. Turawa ma sun fi shekara ɗari suna fama da abin nan game da nasu gogunan.

To, bari mu duba yadda goge ke kuka. Makaɗi ya kan shafa ƙaro ga izgar bakansa don ta yi danƙo. In ya goga, sai izga ta kama tsirkiya ta ja ta, ta kubce, ta sake kamawa, sau ɗaruruwa cikin sakan guda. Wani masani Bajamushe, Helmholtz, shi ya bayyana wannan cikin littafinsa na 1863. Amon da ke fitowa kuwa ba guda ba ne, uwa ce da 'ya'yanta. In uwar tana karkarwa sau 200 a sakan, akwai 'ya'ya masu 400, da 600, da 800, haka haka har su haura 10,000. Su ne ke sa kunne ya rarrabe goge da sarewa ko da suna bin karin waƙa ɗaya. Tsirkiyar gogenmu ma ba zare ɗaya ba ce, damin gashin wutsiyar doki ne, shi ya sa ta ke da 'yar shaƙewan nan mai daɗi da a ke ji a kukumar marigayi Hassan Wayam. Na'urar da ta zubar da 'ya'yan, ko ta ƙara musu ƙarfi fiye da kima, ta ɓata goge ke nan.

Edison ya ƙago na'urar kama magana a Amurka cikin 1877. Tun daga lokacin har 1925 ba a aiki da lantarki wajen yin faifan garmaho. Makaɗa su kan cunkushe gaban wani babban mazurari, ƙarfin amonsu kaɗai ke motsa allura ta yi zane a kan kaki. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga karkarwa 20 zuwa 20,000, amma mazurarin nan abin da ya ke kamawa bai wuce daga wajen 250 zuwa 2,500 ba. Saboda haka a 1899 wani mutum a Landan, wai shi Stroh, ya ƙera goge mai ƙahon ƙarfe, a riƙa auna bakin ƙahon ga mazurari. Babban gogen nan kuwa da ya kai tsawon mutum, mai kaurin murya, sau da yawa sai a ajiye shi a sa mai busa ƙaton ƙaho ya maye gurbinsa. Watau maimakon a gyara na'ura ta dace da kiɗa, kiɗan a ka tanƙwara. Zuwan makirufo a 1925 ya rage wahalar ƙwarai, kana a 1958 a ka fara sayar da fayafayai masu raba amo dama da hagu.

Amma fa da sauran aiki. A babban taron makaɗan Turai masu goge su kan kai sittin, manya da ƙanana. Ko goma sha shida sun bi layi ɗaya, ba biyun da yatsunsu za su sauka daidai wa daida, kuma wannan ɗan saɓani shi ke sa amon ya yi laushi kamar alharini. Kowane goge yana watsa kukansa ta ko'ina, bangon zauren ya maido shi, mai sauraro ya ji ya lulluɓe shi. Yaya za a tura wannan duka ta bakin akwati biyu cikin ɗaki mai ƙafa goma sha biyu?

A gida ne abin ya fi lalacewa. Ƙaramar lasifika ba ta iya tura iska da yawa, don haka kaurin amo ya kan ɓace, tsinin ya rage shi kaɗai. In an murɗa ta har ƙarshe sai ta ƙago wasu 'ya'yan amo na ƙarya, su faɗa wajen 2,000 zuwa 5,000, inda kunne ya fi saurin jin zafi. Ganga ba ta damu ba, gama bugu ɗaya ne ya wuce, amma goge jan amo ya ke yi, aibi kaɗan sai ya daɗe a fili. Waƙoƙin da a ke matsewa don su shiga memori da yawa, su ma an yanke musu na sama.

Har wa yau ɗakin kansa yana da hannu. Daɓen siminti da rufin kwano suna maido da tsinin amo, tabarma da labule da katifa suna shanye shi. A ganina ɗakin laka mai rufin azara, irin na ƙauyukan Bukkuyum da Anka, ya fi falon tayil kyautata wa goge. Wanda ya ke da lasifika biyu ya ɗaga su daidai kunnensa, ya raba su kamar taki uku, ya zauna tsakiya daga gaba, kada kuwa ya kai murɗin ƙarshe.