Auna Sautin Hausa a Kwamfutar Kwaikwayo

Manhajar Speech Analyzer ta ƙungiyar SIL, wadda masu nazarin furuci ke auna karin sauti da tsawon wasali da ita, an gina ta ne domin tsarin Windows. Manazarcin da ke amfani da Linux yakan nemi mafita ta hanyar manhaja irin su VirtualBox, wadda ke ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta ainihi, a ɗora mata Windows.

Sai dai wajibi ne a rarrabe ayyuka biyu. Nazarin muryar da aka riga aka naɗa ba ya samun tangarɗa, domin alƙaluman fayil ɗin ba sa canzawa ko da aikin ya yi nawa. Naɗar murya kai tsaye kuwa tana da haɗari, saboda sautin yakan ratsa tsari biyu kafin ya isa manhajar, kuma wani guntunsa na iya salwanta a hanya. Abin da ya raba gàrii na mazauna da gàarii na tuwo tsawon wasalin farko ne kawai, wanda ake aunawa da milisakan. Giɓi kaɗan ya isa ya gurɓata sakamako.

Saboda haka, ya fi dacewa a naɗi murya da rakoda a tsarin WAV, sannan a shigar da fayil ɗin cikin kwamfutar kwaikwayo domin awo.