Man hana tamoji: wanne ke aiki, wanne ke cin kuɗi?

Kusan duk man shafawa mai tsada a yau alƙawari ɗaya yake ɗauke da shi: zai goge tamoji, ya mayar da 'yar hamsin ta koma 'yar ashirin da biyar. Kafin a zare kuɗi, gara a san abin da ke yamutsa fatar tun farko.

Fata hawa-hawa ce. Ƙarƙashin wadda ido ke gani akwai sashe mai kauri, cike da zaruruwan da ake kira kolajin, su ne ke riƙe fuska ta tsaya dam. Tun mutum bai kai talatin ba jiki ke fara rage samar da su. Ga mata kuwa abin yakan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada, har a iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko. Wannan rabon shekaru ne, babu man da zai hana shi.

Sai dai ba shekaru kaɗai ke da laifi ba. A 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 a Amurka, wanda ya shafe shekara 28 yana tuƙi. Gefen fuskarsa na hagu, mai kallon taga, ya tattare ya zazzago, na dama kuwa da sauran kyansa. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, bambancin kawai rana. A 2013 kuma wani bincike a Ostireliya, kan mutum sama da 900, ya nuna masu shafa man kariyar rana kullum sun fi sauran jinkirin tsufan fata da kashi 24 cikin 100, cikin shekara huɗu da rabi. A ganina, man kariyar rana mai lambar SPF 30 ko sama ya fi cancantar sunan man hana tsufa fiye da yawancin masu ɗauke da sunan. Taba da shisha su ma suna cinye kolajin.

A cikin sinadaran da ake tallatawa, wanda ya fi tsayayyar hujja shi ne dangin bitamin A. Babbansu tiretinoyin, maganin ƙurajen fuska ne da aka amince da shi a Amurka a 1971. Masu shafa shi suka lura fatarsu na ƙara sulɓi, aka bi diddigi, a 1995 aka amince da shi don ƙananan tamoji. Ƙaninsa retinol ya fi sauƙi, shi ake sakawa a mayukan kanti. Duka biyun suna sa fata ta ƙara samar da kolajin, amma fa sai da haƙuri: wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma canjin kaɗan ne. Da dare ake shafawa, gwargwadon ƙwayar wake, sau biyu a mako da farko, don sukan sa zafi da saɓa. Mai zuzutawa daga baya tana iya ƙarewa da baƙin tabo. Mai ciki da mai neman haihuwa su nisanci duka biyun.

Shi kuwa man da aka rubuta wa “kolajin” da manyan haruffa, ƙwayar kolajin ta yi girman da ba za ta ratsa fata ba. Tamkar cusa tulu ne ta bakin kwalba. Iyakarsa ya jiƙa saman fata, layukan su ɓoye na 'yan sa'o'i. Man kaɗanya ko basilin zai yi wannan aikin a kan kuɗi kaɗan, musamman da hunturu, idan an shafa bayan wanka kafin jiki ya gama bushewa.

Mu masu baƙar fata Allah Ya yi mana gata. Sinadarin melanin da ke ba mu launi yana tare wani ɓangare na hasken rana, shi ya sa tamojinmu ke zuwa a makare. Tsufanmu ya fi bayyana ta tabo da rashin daidaiton launi. Abin takaicin shi ne, wannan gatan ne ake biyan kuɗi a kankare. Yawancin “haɗin” da ake ɗurawa a robobi marasa suna, ana tallarsa a Instagram da TikTok da sunan gyaran fata, bilicin ne. Akan samu haidirokwinon a ciki, ko sitiroyid mai ƙarfi, wani lokaci har da makuri mai lalata ƙoda. Makonnin farko fuska ta yi fes, ƙawaye su yi ta tambaya. Bayan shekara biyu sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, kumatu su ƙone, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, nankarwa ta feso a damtse. Mace 'yar talatin ta fi yayarta tsufa. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kai, kasuwar kuwa sai ƙara ci take yi.

Don haka, 'yar uwa, da ɗan uwa ma, tunda maza sun shigo harkar: juya kwalbar ki karanta abin da ke ciki, ki duba lambar rajistar NAFDAC. In babu rubutu, ki ajiye wa mai shi kayansa. In kuma kin riga kin daɗe kina shafa haɗi, kar ki yanke shi dare ɗaya, domin fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore. Ki je wurin likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye.