HANKALI DA ZUCIYA A MUHAWARAR YAƘI: DARASI DAGA YAƘIN TEKUN FASHA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba ɗan Adam hankali, Ya kuma sanya tausayi a zuciyarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk sa'ad da yaƙi ya ɓarke a wani yanki na duniya, muka ji an kashe mata da ƙananan yara, sai mu ga jama'a sun rabu gida biyu a masallatai da majalisun hira. Kashi na farko su ne waɗanda zuciya ta ɗauka, ba sa son a tambaye su inda suka samo labari. Kashi na biyu kuwa su ne masu cewa a yi aiki da hankali, sai ka ji suna lissafin gawawwaki kamar mai ƙidayar buhunan gero. Kowane kashi yana riƙe da rabin gaskiya, kuma kowanne ya taɓa jawo halaka. Za mu buga misali da Yaƙin Tekun Fasha, domin tarihi ya riga ya tone abin da aka binne a cikinsa.

Hawayen da aka saya

Ran 2 ga Agusta 1990 sojojin Saddam Husaini suka mamaye Kuwait. Babu shakka sun yi zalunci a can, sun kashe, sun azabtar, sun yi wasoso. Amma labarin da ya fi girgiza mutanen Amurka wani ne dabam. Ran 10 ga Oktoba na wannan shekara aka kawo wata yarinya 'yar shekara 15, aka ce sunanta Nayirah, ta tsaya gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka. Ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi sun shiga asibiti, sun fitar da jarirai bakwaini daga cikin kwalaben da ake renonsu, sun bar su a ƙasa suka mutu.

Wace zuciya ce za ta ji wannan ba ta karaya ba? Shugaba George Bush ya maimaita labarin a jawabansa, ƙungiyar Amnesty International ta sa shi cikin rahotonta, wasu sanatoci suka kafa hujja da shi. Ran 12 ga Janairu 1991 Majalisar Dattawan Amurka ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52, masu ƙi kuwa 47. Ku dubi ƙanƙantar wannan rata.

Sai bayan an gama yaƙi asiri ya tonu. Masu bincike suka je Kuwait ba su sami abin da ya tabbatar da zancen ba, Amnesty ta janye maganarta. A Janairun 1992 wani ɗan jarida mai suna John MacArthur ya bayyana cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma kamfanin tallata manufa na Hill & Knowlton, wanda aka biya maƙudan kuɗi don ya jawo ra'ayin Amurkawa ga yaƙi, shi ne ya shirya fitowarta. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan kam ta yi 'ya'ya kafin a gane ta.

Wannan ne abin da aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi mana kashedi a kansa, inda aka umurce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce ta sauka ne sa'ad da aka kawo rahoto marar tushe cewa Banul Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka kusa yaƙarsu. Ashe ke nan tun farko ayar tana magana ne a kan yadda labari ɗaya kan tura runduna.

Hankalin da ya bushe

To, kada masu da'awar hankali su yi murna tukuna. Ran 17 ga Janairu 1991 aka fara ruwan bama-bamai a kan Iraƙi. Da asubahin 13 ga Fabrairu jiragen Amurka suka jefa bam biyu a kan wata mafaka a unguwar Amiriyya ta birnin Bagadaza. Fiye da mutum 400 suka ƙone a ciki, galibinsu mata da yara. Hukumomin Amurka suka ce bayanan da suke da su sun nuna wurin cibiyar ba da umurnin soja ce. A bakin masana yaƙi irin wannan kisa yana da laƙabi mai sanyi, wai ɓarnar da ba a nufa ba, don kada mai sauraro ya ji ƙaurin nama.

Bayan yaƙin takunkumi ya ci gaba da shaƙe Iraƙi. A 1996 aka tambayi Madeleine Albright, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, game da rahoton da ke cewa yara rabin miliyan sun mutu saboda takunkumin. Ta amsa da cewa zaɓi ne mai wuya, amma a ganinsu abin da ake nema ya cancanci wannan farashi. Daga baya ita da kanta ta yi nadamar furucin. Adalci kuma ya wajabta mana mu faɗi cewa binciken da aka yi daga baya ya nuna adadin nan an kumbura shi ƙwarai. Sai dai wannan bai wanke amsar ba, domin ba ta musa adadin ba sa'ad da aka faɗa mata, ta karɓe shi ne ta ɗora a kan sikeli. Wannan shi ne hankalin da aka zare wa tausayi.

Ma'aunin magabata

Malamanmu ba su ɗauki hankali da tausayi a matsayin kishiyoyi ba, kowanne sun ba shi aikinsa. Aikin tausayi shi ne ya sanar da mu darajar ran da aka ɗauke, aikin hankali kuwa shi ne ya tabbatar da abin da ya faru da wanda ya aikata. Saboda haka ne hadisin Bukhari da Muslim ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci. Amma ba a ce alƙali ya zama dutse ba. Annabi (SAW) ya ga gawar wata mace a fagen yaƙi abin ya ɓata masa rai, ya hana kashe mata da yara.

Ku dubi yadda Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya warware mas'alar garkuwa da mutane a littafinsa Almustasfa. Idan abokan gaba suka sa fursunoni a gabansu suka yi garkuwa da su, shin a harba? Ya gindaya sharuɗɗa uku: larurar ta zama ta gaske, ta zama tabbas ba zato ba, kuma ta shafi al'umma gaba ɗaya. Ya ce idan a cikin wata ganuwa suke wadda za a iya ƙyale ta, to babu halin harbi. Wannan hankali ne tsantsa, amma an yi shi ne don a ƙuntata ƙofar kisa. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 shi ma ya wajabta bambance mayaƙi da farar hula, ya haramta harin da ɓarnarsa ga farar hula ta zarce amfanin sojan da ake tsammani.

Idan kuma kuskure ya auku fa? A shekara ta 8 bayan Hijira Khalid ɗan Walid ya kashe wasu mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta. Annabi (SAW) bai nemi uzuri ga kwamandansa ba, ya ɗaga hannu ya barranta daga aikin, ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar rayuka da asarar kaya.

Abin da ya ci Doma

Kada mu zaci wannan labarin nesa ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Rundunar soja ta amsa cewa kuskurenta ne. A ranakun nan mun ji masu cewa ai yaƙi ya gaji haka, mun kuma ji masu yanke hukunci a kan niyyar mutane tun kafin a yi bincike. Dukansu biyu ba su amfani marayun ba. Abin da zai amfane su shi ne tambaya mai natsuwa wadda ba ta gajiya: wa ya ba da umurni, da wane bayani, kuma me aka gyara don kada a sake?

Saboda haka muna nasiha ga kanmu da masu wa'azi da 'yan jarida da duk mai wayar salula a hannu. Kafin ka tura hoto ko labari, tambayi asalinsa, ko da yana goyon bayan ɓangaren da kake so. In an kawo maka adadin matattu, ka tuna kowane ɗaya yana da uwa da suna. Kuma mudun da ka auna maƙiyinka da shi, da shi za ka auna masoyinka, domin jinin yaron Kuwait da na yaron Amiriyya da na Tudun Biri daraja ɗaya gare su a wurin Mahaliccinsu.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da hakki ba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.