Dutsen Efidot: Siffarsa, Wuraren Samunsa da Ƙa'idojin Tara Shi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu yawa waɗanda sha'awarsu ita ce tara duwatsu. Ba don su yi ado da su ba ne, ba kuma don su narka su fid da ƙarfe ba, sai dai don su ajiye su yadda aka tono su, su riƙa dubawa suna nazari. Cikin duwatsun da irin waɗannan mutane suke ji da su akwai wani koren dutse da ake kira efidot. A kasuwar duwatsun ado ba shi da wani babban kuɗi, amma a wurin masana ma'adinai yana da daraja ƙwarai, domin ƙirarsa da launinsa suna ba da labarin abin da ya auku a ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa.

Asalin sunan

Wani limamin Kirista, mutumin Faransa, mai suna René Just Haüy, shi ne ya raɗa wa dutsen nan suna a shekarar 1801. Haüy yana cikin waɗanda suka kafa ilmin kiristal, watau nazarin duwatsun da suke fitowa da fuskoki santala-santala da kusurwoyi daidaitattu ba tare da hannun mutum ya sassaƙa su ba. Da ya auna efidot sai ya tarar gefe ɗaya na gindinsa ya ɗara ɗayan tsawo, saboda haka ya ɗauko wata kalmar Girkanci mai ma'anar ƙari ya kira shi da ita. A zamanin nan ana kiran dutsen da sunaye barkatai, kusan kowace ƙasa da nata. Na Arendal a ƙasar Norwe da sunansa, na lardin Dauphiné a Faransa da nasa, masanan Jamus kuwa suka kira shi da sunan ɗan itacen fistashiyo saboda launinsa. A hankali sunan da Haüy ya ba shi ya rinjayi sauran.

Siffofin da ake gane shi da su

Abubuwan da suka haɗu suka yi efidot su ne kalsiyam da alminiyam da ƙarfe da silikon da iskar oksijin, tare da ɗan abin da ya shige shi daga ruwa. Ƙarfen ne yake ba shi launi. In ƙarfen kaɗan ne, sai dutsen ya fito kore mai ratsin rawaya; in ya yi yawa, sai ya yi duhu kamar miyar kuka, har wani ma a ɗauka baƙi ne sai an ɗaga shi ga hasken rana. In kuwa ƙarfen ya kusa ƙarewa, dutsen ya koɗe, to, ya tashi daga efidot ya koma wani ɗan'uwansa da ake kira kilinozoisit.

Galibi kiristal ɗin efidot dogo ne, da zane-zane sirara a jikinsa daga sama har ƙasa. Wani yakan fito tilo kamar sanda, wani kuma a tare, a baje kamar mafici. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, efidot yana tsakanin 6 da 7. Ma'anar wannan ita ce yana iya karce gilashi, wuƙa kuwa ba ta kama shi. Nauyinsa ya ninka na ruwa wajen sau 3.4, alhali farin dutsen ƙanƙara, wanda ake kira kwaz, bai wuce 2.65 ba, don haka wanda ya saba yakan ji bambancin a tafin hannunsa.

Akwai siffofi biyu da suka fi sauran muhimmanci. Ta farko, in aka sami mai garau aka juya shi a gaban haske, launinsa yakan sāke: ta nan kore, ta can rawaya, ta wancan gefe kuma ruwan ƙasa. Dalili kuwa shi ne dutsen ba ya shanye haske daidai ta kowace fuska. Ta biyu, yana da hanya guda wadda yake tsagewa sumul ta kanta, kamar yadda ake faskare itace. Wannan ita ce ta raba shi da koren tomalin, irin wanda ake haƙowa a wasu sassan Nijeriya, domin tomalin ba shi da irin wannan tsaga, kuma bakinsa yakan yi kusurwa uku masu ɗan tudu. Har wa yau tsagar nan ita ce ta sa masu gyaran duwatsun zobe ba su cika son efidot ba, gama yana iya rabewa biyu ana cikin goga shi.

Yadda yake samuwa

Efidot ba ya fitowa kai tsaye daga narkakken dutse sai nadiran. Yawancinsa yana samuwa ne sa'ad da zafi da nauyin ƙasa suka sāke halin wani dutse da ya riga ya daskare, ko kuwa sa'ad da ruwan zafi ya bi ta cikin tsagogin dutse ya narkar da wasu abubuwa ya ajiye wasu. Saboda haka masana suke ɗaukarsa kamar ma'aunin zafi. Masu haƙa rijiyoyin tururi don samar da lantarki, in suka fara ganinsa cikin ɓarɓashin da ke fitowa, sun san dutsen wurin ya taɓa kai zafin da ya haura digiri 200. Masu neman tagulla kuma sukan lura da shi, domin sau da yawa koren dutse mai efidot yakan kewaye wurin da tagullar take kwance.

Ƙananan ƙwayoyinsa suna ko'ina a duniya. Abin da yake da wuya shi ne babban kiristal mai cikakkiyar ƙira, domin wannan sai ya sami kogo ko tsaga inda zai girma ba abin da ya matse shi.

Wuraren da suka shahara

Babu wurin da ya kai Knappenwand suna, wani ɓangaren dutse a kwarin Untersulzbach na lardin Salzburg a ƙasar Ostiriya. A 1865 aka gano shi, kuma daga kogunansa aka fitar da dogayen kiristal masu sheƙi, kore mai duhu, waɗanda har yau da su ake gwada na sauran wurare. Daga 1977 gidan adana kayan tarihin halitta na birnin Biyana ya shiga aikin tono da bincike a wurin. A Amurka kuwa akwai dutsen Green Monster a tsibirin Prince of Wales na jihar Alaska, inda efidot yake fitowa da kauri, kusan baƙi, tare da kwaz. A baya-bayan nan an sami masu kyau a kwarin Tormik na arewacin Pakistan, da kuma a ƙasar Peru. A Afirka ta Yamma, yankin Kayes na ƙasar Mali yana fitar da efidot mai duhu haɗe da wani koren dutse mai haske da ake kira firenit, kuma masu haƙa da hannu ne suke tono shi, sa'an nan fatake su kai shi kasuwannin Turai da Amurka.

Ƙa'idojin mai tarawa

Abin da mai tarawa yake fara dubawa shi ne kan kiristal ɗin, ko ya cika ko ya gutsure. Bayan wannan sai sheƙi, da launi, da yadda yake zaune bisa uwar dutsen da ya tsiro a kai. Wanda aka ɓamɓare daga uwarsa ya rasa rabin labarinsa, domin abokan zamansa su ne suke nuna irin zafin da ruwan da suka haife shi. Ya kamata kuma a duba da gilashin ƙara girma, gama akwai masu liƙa karyayye da gam, da masu shafa mai don su ɓoye tsaga. Liƙi ba laifi ba ne in an faɗa. Laifin yana ga ɓoyewa.

Wajen tsabtacewa, ruwa da sabulu da buroshi mai laushi sun isa. A ajiye kowane dutse cikin akwatinsa, kada su gogi juna. Wasu na Knappenwand suna zuwa da wani ma'adini mai kama da gashi, dangin asbestos, wanda ba a so a karkaɗe shi a shaƙi ƙurarsa.

Amma babbar ƙa'ida ita ce takardar shaida. Kowane dutse lalle ne a rubuta masa sunan ramin da aka tono shi, da gari, da ƙasa, da shekara, da hannuwan da ya bi. Masani zai iya auna dutse ya faɗi abin da ke cikinsa ko bayan shekara 100, amma in takardar ta ɓata, da wuya a tabbatar da inda ya fito. A nan ne ake yin babbar hasara a wuraren da ake haƙa da hannu. Mai haƙa yakan fasa kogo da guduma, ya zuba abin da ya samu cikin buhu ɗaya, ya sayar bisa nauyi. Kafin buhun ya isa birni kawunan sun karye, sunan ramin kuma ya ɓace. Da an naɗe kowanne cikin tsumma ko takarda, an rubuta sunan wurin, da mai haƙan ya sami kuɗin da ya fi, masana kuma sun sami abin nazari. Hausawa sun ce wanda ya san darajar goro shi ke nema masa ganye, kogon da aka fasa kuwa ba ya sāke tsirar da wani kiristal a zamanin ɗan Adam.