Amsar Takardarku: Ina "Kesh" Take a Tsofaffin Kwamfutoci?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi mai koyon gyaran kwamfuta a Kaduna. Ya ce jarrabawa ta ƙarato, ga shi kuma littattafansa biyu sun saɓa wa juna: ɗaya ya ce ma'ajiyar nan da ake kira kesh a cikin furosesa take, ɗayan kuma ya ce a kan uwar allo take, wato babban allon da ake dasa dukan kayan kwamfuta a kansa. Shi ne yake tambaya, wanne zai ɗauka?

To Malam, ka kwantar da hankalinka. Duka biyun gaskiya suka faɗa, zamanin da kowanne yake magana a kai ne ya bambanta. Amma bari mu faro daga tushe.

Furosesa ita ce ke yin lissafi, RAM kuma ita ke riƙe mata bayanan da take aiki da su. Matsalar ita ce furosesa ta fi RAM sauri nesa ba kusa ba. Ɗauki Pentium mai gudun megahaz 100: kowane bugu nata nanosakan 10 ne, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. RAM ta wancan zamani, wadda ake kira DRAM, sai ta ci nanosakan 60 zuwa 70 kafin ta miƙo abin da aka nema. Ka ga ke nan furosesa sai ta yi bugu shida ko bakwai tana zaman jira.

Dubi mai shayi. Ba ya tsallaka titi zuwa kanti duk sa'ad da aka ce a ƙara sukari. Yana da gwangwani a kan tebur, da kwali a ƙarƙashin tebur. Gwangwanin shi ne kesh ta matakin farko, L1: 'yar ƙarama ce, amma tana kusa da hannu. Kwalin shi ne mataki na biyu, L2: ya fi girma, sai dai sai an sunkuya. Kantin kuwa shi ne RAM. In furosesa ta tarar da abin da take nema a kesh, an dace. In babu, sai a tafi RAM a ɗauko, a kuma ajiye kwafinsa a kesh, domin abin da aka nema yanzu, galibi za a sake nemansa, ko a nemi na kusa da shi.

Da SRAM ake yin kesh. Ita DRAM tana riƙe kowane ɗigon bayani da taransista ɗaya da 'yar ma'ajiyar caji mai yoyo, don haka dole a riƙa sabunta cajin a kai a kai. SRAM kuwa galibi taransista shida take ci a kowane ɗigo, ba ta bukatar sabuntawa, kuma a nanosakan 15 zuwa 20 take amsawa. Sauri gare ta, amma ga tsada, shi ya sa ake sa ta kaɗan.

Yanzu ga inda littattafanka suka rabu. Intel 386, wadda ta fito a 1985, ba ta da kesh a cikinta. In akwai, to a kan allo take. Intel 486 ta 1989 ta zo da kilobait 8 a cikinta, sai ta kan allo ta zama L2. Pentium ta 1993 tana da kilobait 16 a ciki, 8 na umarni, 8 na bayanai, amma L2 tana nan a kan allo, galibi kilobait 256 ko 512. A allunan 486 za ka gan ta jerin baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu a cikin soket. A wasu allunan Pentium kuma ɗan kati ne da ake kira COAST, ana cusa shi a wani rami kusa da furosesa.

Ka riƙe wannan da kyau: kesh ta kan allo ba da gudun furosesa take tafiya ba, da gudun hanyar allon take tafiya. Ko da Pentium ɗinka mai megahaz 200 ce, L2 ɗinta a 66 take. Wannan ne ya sa aka yi ta jawo ta kusa. Pentium Pro ta 1995 ta sa ta cikin gida ɗaya da furosesa. Pentium II ta 1997 ta ɗora kilobait 512 a katinta, tana gudu da rabin saurin furosesa. Daga bisani aka shigar da ita cikin ƙwayar furosesa kanta, kuma haka abin yake a kwamfutocin yau.

Akwai tarko biyu da masu jarrabawa suke so. Na farko, AMD K6-III ta 1999 ta zo da L2 mai kilobait 256 a cikinta, don haka kesh ta kan allo ta koma L3. Lambar mataki tana nuna ta nawa ce a layi daga furosesa, ba inda aka dasa ta ba. Na biyu, akwai wata ƙwaya mai suna tag RAM, wadda ke riƙe rajistar adireshin abin da ke cikin kesh. Ita da ƙwayoyin sarrafa allo suke yanke iyakar RAM da kesh za ta iya yi wa hidima. Allo mai Intel 430TX megabait 64 kaɗai yake iya wa. In ka ƙara RAM ta wuce haka, wani aikin ma sai ya ƙara nauyi. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Saboda haka Malam, in ka ga tambayar, fara duba wace furosesa ake magana a kai. In 486 ce ko Pentium ta farko, amsarka ita ce: L1 a ciki, L2 a kan allo, SRAM ce, da gudun allo take tafiya.

Da fatan ka gamsu, muna kuma yi maka fatan sa'a. Sauran masu tambaya, ku ci gaba da aiko da takardunku. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.