Yini Guda a Gungu: Abin da Ya Kamata Mai Iyali Ya Sani Kafin Hayar Jirgi a Kogin Isa

Duk ma'aikacin da gwamnati ta ɗauko daga Damagaram ko Tawa ta kawo Yamai, da ɗan kasuwar Maraɗi da harka ta zaunar da shi a babban birnin, ba ya daɗewa yara su fara damunsa da maganar kogi. Suna hango shi daga kan gadar Kennedy, suna ganin jirage suna kai da komo, su kuwa a garinsu ruwan da suka sani bai wuce na tabki da na gulbin damina ba. Ran Lahadi ko ran hutun salla sai maigida ya ce to, a shirya a tafi gungu a yini. Shawara ce mai kyau, kuma kuɗinta ba ya karya mutum. Sai dai wanda zai ɗora matarsa da ƴaƴansa kan ƴan katakai a tsakiyar ruwa, ya kamata ya san da wa ya yi ciniki, kuma a wane wata.

Gungu shi ne tsibirin kogi, da Zabarmanci da Hausar Kabi duka. Wanda mutanen Yamai suka fi sani shi ne na Bubon, kamar kilomita 25 a kan hanyar Tilaberi, garin da matansa suka yi suna wajen ginin tukwane da tuluna, kasuwarsa kuma tana ci ran Laraba. A da, masu hali sukan zarce har Ayeru, wajen kilomita 200, don kasuwar Lahadi da kallon dorina. Tun daga 2017 da aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, wannan tafiya ta fita daga lissafin mai iyali. Ko Bubon ɗin ma, a tambayi halin hanya wajen jami'an tsaro kafin a fita, kowane babba kuma ya riƙe katin shaidarsa.

Kogi yana da watanninsa

Kogin Isa ya taso daga tsaunukan Gine, ya yi tafiyar wajen kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku, kamar 550 daga ciki a ƙasar Nijar. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, lokacin da Goruwal da Dargol da Sirba suke kwararo jan ruwa daga wajen Burkina Faso. Wannan ruwa yana tashi cikin kwanaki kaɗan, yana ɗauke da itace da ciyawa, ga hadari da ke tasowa da iska ba sallama. A Satumba 2020 ma'aunin ruwa na Yamai ya kai mita 7, unguwanni da dama na bakin kogi suka nutse. Waɗannan watanni ba na yawo da yara ba ne.

Cika ta biyu ita ce ta ruwan Gine, wanda yake ɓata watanni a fadamun Mali kafin ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa ne mai zurfi, amma a hankali yake hawa, zafin rana kuma ya yi sauƙi. Abin kula a nan shi ne iskar hunturu, wadda takan tayar da igiyar ruwa har ƙaramin jirgi ya riƙa tangaɗi. Daga Maris ruwa yake ja da baya, rairayi ya bayyana a gefen gungu fari tas, shi ne filin wasan da yara suke so. Matsalar ita ce zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40. Wanda ya zaɓi wannan lokaci ya fita da sassafe, ya tabbata akwai inuwar itace inda za a sauka. Dattawan Yamai ba su manta da Yuni 1985 ba, lokacin da fari ya sa kogin ya daina gudu. Wanda ya ga haka kada ya raina shi: ko a rani akwai gurabe masu zurfi kusa da inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

Ciniki da mai jirgi

A bakin ruwa ba a rasa samari masu tare baƙo suna cewa suna da jirgi. Da yawansu ƴan kamasho ne. Mai iyali ya nemi ganin matuƙin da kansa, ya ga jirgin da idonsa. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, su ne suka gaji ruwa kaka da kakanni, kuma a mashiga akan sami babba da masu jirage suke jin maganarsa. Matuƙin da babban ya nuna ya fi wanda ya zo da araha, domin in wani abu ya faru akwai wanda za a tambaya.

A duba cikin jirgin. Ɗan jiƙo a ƙasa ba laifi ba ne ga jirgin katako, amma in aka tarar da yaro yana ta kwalfar ruwa tun jirgi yana ɗaure, a nemi wani. In mai inji ne, a tambaya ko esansin zuwa da dawowa yana ciki, kuma a ga filafili da gora a ajiye, don inji yakan mutu a tsakiyar kogi. In kowa ya zauna, a dubi gefen jirgi: in abin da ya rage tsakaninsa da ruwa bai kai taƙi ba, lodi ya yi yawa, gara a yi sawu biyu.

Kuɗi kuwa a yanke shi a tudu, gaban shaida. A faɗi ƙarara cewa shata aka ɗauka, ba za a ƙara fasinja ko buhu a hanya ba. A faɗi jika nawa, da esansi a ciki ko babu, da ko matuƙi zai jira ko zai tafi ya dawo. Ɗan kasuwa ya san wannan ƙa'ida: rabi a hannu, rabi in an sauke ku lafiya. Wanda ya biya duka tun da safe yakan tsaya a gungu har magariba yana hangen jirgin da ya tafi wani aiki. A karɓi lambar salular matuƙi, a kuma bar wa wani ɗan uwa a gari sunan wurin da aka nufa da lokacin dawowa.

Dorina, tsargiya da rigar ruwa

A Nuwamba 2014, kusa da Libore da ke dab da Yamai, dorina ta kifar da jirgi, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ƴan makaranta. Dorina tana da nauyin da ya wuce tan guda, ta fi haɗari in tana da ɗa, doka kuma ta hana kashe ta. Matuƙin kirki ya san inda garke yake kwana, yakan yi nesa da shi. Kada maigida ya ƙara masa kuɗi don ya matsa kusa a ɗauki hoto. Da yamma dorina take fitowa kiwo, shi ya sa ya kamata a bar gungu da la'asar, a iso tudu rana tana sama.

Yawancin ƙananan jirage ba su da rigar da ke hana nutsewa. Mai hali ya saya wa yaransa ko ya aro, ya ɗaura masu tun kafin su taka jirgi. Manya su raba yara tsakaninsu, kowa ya san nasa. Ba a miƙewa tsaye, ba a taruwa gefe ɗaya don kallo. Uwa ta sauke goyo ta riƙe shi a cinya, kuma a naɗe manyan riguna da mayafai, don tufa in ta jiƙe nauyi take yi.

A gungu, wurin da ya fi jan yara shi ne kwantaccen ruwa mai ciyawa, kuma nan ne katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya take zama. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. In bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini, a kai shi likita. Akwai maganin praziquantel, yana kuma aiki. Ruwan sha a taho da shi daga gida, mai yawa.

Gungu kuma ba daji ba ne. Akwai masu shi, da gonakin shinkafa da garake da tarun masunta a shanye. A yi sallama, a nemi izinin wurin shimfiɗa tabarma, a sayi kifi ko tulu a hannunsu, a kwashe ledoji in za a tafi. Iyalin da suka yi haka, in sun dawo baɗi za su tarar an san su, kuma matuƙin da aka cika wa alkawari shi zai fara tsayar masu da jirgi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.