Gilashin Da Rana Ke Wankewa: Ina Amfaninsa Ga Masu Sola?

Wutar sola ba baƙuwa ba ce a jihar Sakkwato. Tun shekarun 1990 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta haɗa wa ƙauyen Kwalkwalawa ita. Yau a Sifawa da Boɗinga da Shagari ana cajin waya da ita, ana jawo ruwan rijiyar burtsatse. Amma da zarar datti ya rufe fuskar farantin sola, sai wuta ta ragu, famfo ya yi sanyi, layin masu ɗiban ruwa ya ƙaru.

Shi ya sa labarin gilashi mai wanke kansa yake jan hankali. Asalinsa daga Japan ne. A shekarar 1967 wani ɗalibin Jami'ar Tokyo, Akira Fujishima, da malaminsa Kenichi Honda suka gano cewa wani sinadari mai suna titaniyam dayoksaid yana aiki idan haske ya taɓa shi. Shi ne dai farin garin da ake zubawa a fenti. A 2001 kamfanin Pilkington na Ingila ya fara sayar da gilashin taga da aka shafe da shi. Shafin bai kai kaurin silin gashi ba, ko da an tsaga silin gida dubu.

Ga yadda abin yake. Sinadarin ba ya wuce da lantarki kamar wayar wuta, ba ya kuma tare shi kamar roba, tsaka-tsaki ne. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani. Idan ya sauka a kan shafin, sai ya motsa shi, shi kuma ya haɗu da iska da raɓa, su riƙa cin maiƙo da baƙin hayaƙi da kashin tsuntsu sannu a hankali, ba wuta ba zafi. In ruwan sama ya zo, ba ya tsayawa ɗigo-ɗigo. Shimfiɗuwa yake yi, ya kwashe ragowar ya gangara.

To, a nan gizo ke saƙa. Rana kam akwai ta a ƙasar Boɗinga har ta yi yawa. Ruwan ne babu, daga watan Oktoba har zuwa Mayu. Ƙurar hunturu kuwa ƙasa ce da rairayi, haske ba ya iya cinye su. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce farantinsa ba ya bukatar wanki da rani, ciniki kawai yake nema.

Mai sola ya riƙa wanke farantinsa da sassafe ko da yamma, lokacin da gilashin ya huce, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Ya fara zuba ruwa mai tsabta kafin ya sa tsumma mai laushi. Goge busasshiyar ƙura yana karce gilashi, haka ma soson ƙarfe, kuma in akwai shafin a kai, da shi za su tafi.